Yadda ake naɗe zobban sandar fatsa da zare

Yawancin sandunan fatsa na zamani da ke shigowa hannunmu a Katsina na gwanjo ne, ko kuma sababbi masu araha da ake kawowa daga Sin. Jikin sandar, na faiba ne ko na kabon, yakan daɗe bai yi komai ba. Abin da ke fara lalacewa shi ne zobban da igiyar fatsa ke bi ta cikinsu. Wani ya tsage, wani ya karkace, wani ya fice gaba ɗaya. Gyaran da aka saba yi kuwa sananne ne: a samo zaren takalmi a ɗaɗɗaure, a tsiyaya sufa gulu har wurin ya yi fari, a ce an gama. Irin wannan ɗauri da wuya ya ga ƙarshen damina. Sufa gulu in ya bushe ba ya lanƙwasa, ita kuwa sanda aikinta ke nan, ta lanƙwashe ta miƙe. Tarwaɗa mai ƙarfi na fizga sau biyu sau uku, gam ɗin ya tsattsage, zoben ya fara rawa.

Abin da ya kamata mai wannan aiki ya riƙe tun farko shi ne, zare ne ke riƙe zobe, ba gam ba. Gam rufi ne kawai da ke kare zaren daga ruwa da rana da gogayya. In naɗin ya yi kyau, ko ba a shafa masa komai ba zoben zai zauna daram. In bai yi kyau ba, ko kwalba guda ka juye a kai ɓarna ka yi. Hanyar da zan bayyana ita ce dai ake bi, ko sabuwar sanda kake haɗawa daga tsirarar faiba, ko tsohuwa kake sabunta wa zobba, ko ma gora ka saro kana so ka mai da ita sandar da za ta ɗauki injin naɗe igiya.

Kayan aiki, da maganar zare

Za ka buƙaci kwali mai ƙwari, irin na taliya ko na sabulu, da sabuwar reza, da ƙaramin magagari ko dutsen wasa wuƙa, da samfefa mai laushi, da salatif na takarda irin wanda masu fentin mota ke amfani da shi, da sifirit na kemis, da tef ɗin awo na tela, da kofi ɗaya, da wani littafi mai kauri. Littafin zare za ka ratsa ta cikinsa ka kuma danne shi da nauyi, don haka ka nemi tsohon ƙamus ko littafin lissafin da aka gama da shi, kada ka ɗauko wanda ke da ayoyi a ciki.

Zaren da aka yi musamman don wannan aiki na nailan ne, kuma da haruffa ake bambanta kaurinsa. Biyu ne suka fi yawo: A, siriri, na ƙananan sanduna irin na kamun karfasa da matsakaiciyar tarwaɗa, sai D, mai kauri, na manyan sanduna. Sabon hannu ya fi jin daɗin D, saboda ana ganinsa sosai kuma yana saurin cika wuri, amma A ya fi kwanciya lumui, ya fi kyan gani, kuma ƙarfinsa ya isa duk wani kifi da za ka ci karo da shi a dam ɗin Ajiwa ko Sabke ko Daberam. Kafin nailan ya fito a ƙarshen shekarun 1930, da siliki ake wannan naɗi, har yau ma masu haɗa sandunan gora na gargajiya a Amurka da Ingila ba su rabu da shi ba.

In ba ka sami wancan ba, ka shiga layin masu kayan ɗinki a babbar kasuwa. Sai dai a nan akwai abin lura. Zaren auduga na keken ɗinki ba shi da amfani: yana da gashi-gashi, yana shan ruwa, yana ruɓewa. Zaren masu gyaran takalmi yana da ƙarfi, amma yawancinsa an shafe shi da kaki, gam kuwa ba ya kama kaki. Zaren aikin wuyan riga mai sheƙi, na foliyesta, shi ne ya fi kusa da abin da ake so, ga launuka kala-kala, amma masana'anta kan shafa masa wani mai na silikon don ya riƙa sulɓi a cikin injin, wannan man kuma yakan sa gam ya riƙa guje wa wasu wurare yana barin ramuka. Maganin abin gwaji ne. Ka ce wa mai shagon, “Alhaji, a ba ni kwarkwaro ɗaya tukuna, in ya yi zan dawo,” ka je gida ka naɗa santimita 3 a jikin fensir, ka shafa gam ɗin da za ka yi aiki da shi, ka ga yadda zai kwana. Gwajin zai nuna maka wani abu kuma: launin zare yana sauyawa in ya sha gam. Ja yakan koma ja mai duhu, rawaya ya dusashe, fari ma kusan ɓacewa yake yi har ka riƙa hango ƙarfen da ke ƙasa. In kana gaggawar sanin launin da zai fito, ɗiga masa sifirit. Yadda ka gan shi a jiƙe, kusan haka zai zauna.

Cire tsohon zobe

In tsohuwar sanda ce, ka ɗan ɗumama tsohon gam da laita, daƙiƙa biyu ko uku kana juya sandar, iyakar dai ya yi laushi. Zafi mai yawa yana narkar da abin da ya haɗa jikin faiba ko kabon, kuma wurin da ya ƙone nan zai karye wata rana. Sa'an nan ka kwantar da reza a bisa ƙafar zoben, wato siririn ƙarfen nan da ke kwance a jikin sanda, ka yanka zaren a kan ƙarfen. Kada bakin reza ya taɓa jikin sandar ko kaɗan. Zoben na fita, ka kama bakin zaren ka warware sauran, ka kankare ragowar gam da farce ko gefen tsohon katin roba. Goge da sifirit. Ka guji tina da asiton, suna cin fentin sanda.

Zobban da za ka mayar, ka bi cikinsu da auduga ɗaya bayan ɗaya. Zoben da ya tsage, ko da ido bai gani ba, zai kama silin auduga. Irinsa ne ke gurje igiya a hankali har ta tsinke ranar da babban kifi ya kama. Cikin zobba masu kyau tangaran ne mai tauri. Na kamfanin Fuji na Japan su ne aka fi sani a duniya, kuma in ka ci karo da karyayyiyar sandar gwanjo mai ɗauke da su, ka saya don zobban kaɗai, ba ka yi asara ba.

Gyaran ƙafar zobe

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi tsallakewa. Ka dubi bakin ƙafar sabon zobe da kyau, za ka ga yana da tudu, an datse shi ne kawai. Zare siriri ba zai iya hawa wannan tudu ba. Yana isowa wurin sai ya tsaya yana taruwa a gindi, ko ya yi tsalle ya bar giɓi, ƙarfe na leƙowa. Don haka sai ka goge saman bakin da magagari, kana turawa daga sama zuwa baki, har ya zama gangara mai sulɓi kamar bakin fartanyar da ta sha wasa. Saman kawai ake ci, ba a taɓa ƙasan sai don kawar da ƙaiƙayin ƙarfe. Ka bi gefuna biyu ka ɗan zagaye su. In ka gama, ka goga ƙasan a kan samfefa sau biyu ko uku, ka kuma shafa shi a bayan hannunka. In ya karce ka, zai karce sanda, kuma kowace lanƙwasa sai ya ƙara nutsewa cikin jikinta.

Daga nan ka aza zoben a kan tebur. Mai ƙafa biyu dole ƙafafun su kwanta tare, babu wadda bakinta ya ɗaga sama ko ya soki ƙasa. In akwai, ka lanƙwasa ta a hankali da filaya, amma kada ka matsa kusa da tangaran ɗin, fashewa yake yi. Wurin da ka goge zai yi fari yana ƙyalli. In ƙarfen baƙi ne ka shafe shi da baƙar maka, wato biro mai kaurin baki, ta bushe, don kada ya riƙa haskowa ta ƙarƙashin zare.

Ina za a ɗora su

Kowace sanda tana da gefen da ta fi son lanƙwasawa. Ka kafa gindinta a kan siminti mai santsi, ka tallafi samanta da tafin hannu ɗaya, ka danna tsakiya da ɗaya hannun har ta yi baka, sa'an nan ka mirgina ta. Za ka ji ta yi tsalle ta zauna a wani gefe. Ka manna salatif ka yi alama a cikin bakan. Sandar da injinta ke rataye a ƙasa, wadda ita ce aka fi gani a wajenmu, bisa wannan layi na ciki ake jera zobbanta. Masu sana'ar sun yi ta muhawara a kan ko wannan yana da wani tasiri. Da yawa yanzu sun fi duba gefen da sandar ta fi miƙewa in an hange ta daga gindi. Ni dai a ganina, ga mai kamun karfasa a bakin dam, ko wanne ka bi ba za ka ji bambanci ba. Muhimmin abu su hau layi ɗaya.

Yawan zobba kuwa, abin da aka saba shi ne kusan zobe ɗaya ga kowane santimita 30 na tsawon sanda, ban da na ƙoli. Ga sanda mai mita 2.1, bakwai sun isa. In kana neman inda za ka fara, auna daga ƙoli ka yi alama a santimita 10, 22, 36, 53, 73, 97 da 126. Ka lura tazarar tana buɗewa in ana gangarowa gindi, saboda sama ne ya fi lanƙwasa, shi ya fi buƙatar tallafi. Girmansu kuma ya tashi daga mai lamba 30 a kusa da injin, sai 20, 16, 12, 10, 8, 8. Wannan awo mafari ne kawai, sandar ce za ta faɗi gaskiya. Ka manna zobban duka da siraran salatif, ka ɗaura injin, ka zura igiya ta cikinsu, ka ɗaure bakinta a jikin galan mai ruwa, ka ɗaga sandar a hankali har ta lanƙwashe sosai. Sa wani ya riƙe maka ka koma gefe ka duba. Igiyar ya kamata ta bi bakan sandar sau da ƙafa. Inda ka ga ta yi kwana mai kaifi a bakin wani zobe, ko ta yi nisa da jikin sanda ta miƙe tsakanin zobba biyu, sai ka matsar da su ka sake dubawa. Minti goma na wannan gwaji ya fi kowane jadawali da za ka samu a intanet.

Zoben ƙoli ba naɗa shi ake yi ba, bututu gare shi da ake zura kan sanda a ciki. Ka yanki ɗan siririn gam na kyandir, irin wanda ake narkawa da bindigar gam, ka tura cikin bututun, ka ɗumama, ka zura, ka daidaita shi da layin kafin ya huce. Amfanin wannan gam shi ne ranar da zoben ya lalace, ɗan zafi kaɗan zai fitar da shi. Ka fara sa shi kafin sauran, domin da shi za ka riƙa saita su.

Kafa wurin naɗi

Ka yanke murfin kwalin, ka yi tsaga mai siffar V a gefuna biyu masu fuskantar juna, ka shimfiɗa tsumma mai laushi a cikin kowace. Nan sandar za ta kwanta tana juyawa. In doguwa ce ka tallafi bakinta da wani kwalin ko kujera. Kwarkwaron zare ka jefa shi cikin kofi a bayan kwalin don kada ya gangara. Ka ja zaren ka ratsa shi ta tsakiyar shafukan littafin, ka rufe, ka kawo shi ta saman sanda. Littafin shi ke ba zaren tauri. In ka ji ya yi sako-sako, ka mai da shi shafukan ƙasa ko ka aza wani abu mai nauyi a kai. In ya yi tauri da yawa, ka rage.

Tauri nawa ake so? Ga ma'auni: bayan ka gama naɗi, in ka tura zoben da babban yatsa da ɗan ƙarfi, ya kamata ya gusa kaɗan gefe. In ya ƙi motsi sam, ka matse da yawa, kuma a siririn saman sandar kabon irin wannan matsi yana iya zama sanadin karyewa. In kuwa yana juyawa da taɓawa kaɗan, ya yi sako. Wanke hannu da sabulu kafin ka zauna. Maiƙon ƙosai ko man shafawa in ya hau zare, sai a wajen gam za ka ga sakamakonsa.

Naɗin kansa

Ana farawa ne daga jikin sanda a hau kan ƙafa, a nufi zoben. Ba a farawa daga zobe a gangaro, zaren zamewa zai yi ta yi a kan gangarar. Ka auna kimanin milimita 5 gaban bakin ƙafar, nan ne mafari. Domin duk naɗe-naɗenka su zo daidai da juna, ka yanki ɗan kati mai wannan faɗi ka riƙa aunawa da shi a kowane zobe.

Ka kawo zaren ta sama, ka zagaya sandar da shi sau ɗaya, ka bar jela mai kamar santimita 5. Kwantar da jelar ta fuskanci zoben, sa'an nan ka ɗora zaren da ke fitowa daga littafi a kanta, su gicciye. Danne mahaɗar da babban yatsa, ka fara mirgino sandar wajenka. Zagaye na farko da na biyu su ne masu gardama, suna son zamewa. Kada ka ɗaga yatsa sai ka yi biyar ko shida a kan jelar. Nan sai ka ja jelar a hankali naɗin ya ƙara kamawa, ka yanke ragowarta da reza, ka tura zagayen da farce su haɗe, bakinsu ya miƙe.

Ci gaba da juyawa. Dabarar da ke sa zare ya kwanta gefe da gefe babu giɓi ita ce ka bar shi yana shigowa a ɗan karkace, yana jingina da zagayen da ya gabace shi. In karkatar ta yi yawa zai hau kan ɗan'uwansa. Da ka ga haka, ka juya baya ka warware, kada ka ce gam zai rufe, gam ƙara fito da aibi yake yi. In ta yi kaɗan kuma zai bar fili. Kana yi kana ɗan gusa sandar ko littafin don kusurwar ta zauna yadda take. Duk bayan zagaye goma, ka tura da farce.

Isowa bakin ƙafar, ka rage sauri. In ka goge ta yadda ya kamata, zaren zai hau ba tare da ka ji komai ba. In ya tsaya yana taruwa, kada ka yi ta fama, warware ka koma ga magagari. Bayan ya hau da zagaye shida ko bakwai, ƙafar ta kamu, sai ka ɓare salatif ɗin da ke riƙe da ita ka ci gaba.

Saura kamar zagaye takwas ka kai inda ƙafar ta fara tashi sama, ka dakata. Tun da farko ka tanadi wani guntun zare mai santimita 15, mai launi daban don kada ya ɓace maka, ka ninka shi biyu ya zama hanci. Kwantar da shi a jikin sanda, a gefen da ba ƙafar zobe, hancin yana kallon inda kake nufa, jelolinsa biyu suna kwance a kan naɗin da ka riga ka yi. Ka yi sauran zagayen takwas a kansa, ka ɗan sassauta taurin kaɗan. Yanzu danne naɗin da yatsa sosai, ka yanke zaren ka bar kamar santimita 8. In yatsan ya ɗaga a wannan lokaci, duk aikin zai warware a gabanka. Zura bakin zaren cikin hancin, ka kama jelolin biyu ka ja baya da ƙarfi ɗaya, ba fizga ba. Hancin zai nutse ƙarƙashin zagayen takwas ya fito da bakin zaren ta tsakiyar naɗi. Shi ke nan ya ɗauru, ba ƙulli ko ɗaya.

Wajen yanke wannan baki ake gane gwani. Ka ja shi baya kaɗan har ya buɗe 'yar ƙofa tsakanin zagaye biyu, ka kwantar da sabuwar reza a jikin naɗin bakinta na jingine da zaren, sa'an nan ka jawo zaren ya sami reza. Zaren ake kai wa reza, ba a gurza reza a kan naɗi. Guntun zai koma ciki ya ɓuya. Ka ɗauki abu mai santsi, bayan cokali ko murfin biro, ka goga naɗin daga gefuna zuwa tsakiya. Zaren zai baje, ƙananan giɓi su rufe. In ka goga daga tsakiya zuwa waje, bakin naɗin zai zame.

Zobe mai ƙafa biyu, ka gama ɗaya, ka juya kwalin ko sandar, ka yi ɗayar, ita ma daga baki zuwa zobe. Mai ƙafa ɗaya kuwa, irin ƙananan da ke sama, yana da halin zarewa in ya maƙale a ciyawa ko a buhu. Don haka in ka kai wuyansa, inda ƙafar ta tashi sama, kada ka tsaya. Ka tsallaka bayan wuyan ka ƙara zagaye uku ko huɗu a jikin sanda, ka rufe a can. In gam ya cika wurin, ya zama shinge.

Sandar da ake haɗawa gida biyu, bakin da ake zura ɗayan a cikinsa shi ma yana son naɗi na kamar santimita 2, dab da baki, ko da babu zobe a wurin. Shi ke hana bakin tsagewa. In kana son ado, ka ƙara siririn naɗi na zagaye biyar da wani launi a bakin kowane babba. Sai dai ka kwantar da hancin tun kafin zagayen farko, tunda gajere ne. Ni ban cika damuwa da shi ba, kifi ba ya gani.

Kafin ka taɓa gam, ka ɗaga sandar ka juya zobban su kalli ƙasa, ka hange ta daga gindi ta fuskar haske. Duk zoben da ya leƙo ta dama fiye da hagu, ka tura shi da yatsa ya koma. Wannan ce damarka ta ƙarshe.

Ga mai aiki da gora: ka tabbata ta bushe sarai, ka goge tudun gaɓoɓin kaɗan, amma kada ka ci fatar, ƙarfin gora a bayanta yake. Ka shafe ta da banish ta bushe kafin naɗi, kuma ka yi ƙoƙari kada ƙafar zobe ta faɗo a kan gaɓa.

Rufi

Abin da masu sana'ar ke shafawa ifoksi ne, wato gam mai kwalba biyu da ake haɗawa, wanda aka yi shi ya daɗe bai kama ba kuma ya riƙa lanƙwasa bayan ya bushe. Flex Coat na cikin sanannunsa. Ifoksin nan mai kamawa cikin minti 5 da ake sayarwa a shagunan kayan gini bai dace ba. Kafin ya ratsa zaren ya daskare, ga kumfa, ga shi yana komawa rawaya a rana. In ba ka sami na ainihin ba, banish na kafinta mai kyau, marar launi, ya fi maka. Da shi aka yi ta amfani shekara da shekaru kafin ifoksi. Sai dai shafa ɗaya ba ta isa: siriri-siriri za ka yi, sau huɗu zuwa shida, kana barin kwana guda tsakanin kowace shafa.

In ifoksi ne, awo shi ne komai. Kashi ɗaya na wannan, kashi ɗaya na wancan, daidai wa daida. Ka auna da sirinji biyu, kowace kwalba da nata, kuma kada ka haɗa ƙasa da mililita 3 na kowanne ko da zobe ɗaya za ka shafa, domin a ɗan ƙaramin haɗi kuskuren ɗigo guda ya isa ya hana shi bushewa. Sirinjin kemis akwai man silikon a jikin robarsa, sai ka wanke shi da sifirit sosai tukuna, ko ka nemi marar baƙar roba. Ka juya a hankali minti uku, kana kankaro gefe da gindin kofin. Da farko zai yi hazo-hazo, daga baya ya washe. Sai ka juye shi a kan takardar alminiyam da ka shimfiɗa a faranti. In ya baje haka kumfa na fita, kuma ya fi daɗewa bai yi kauri ba.

Yanayinmu yana da nasa sharaɗi. A bazara, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40, haɗin da ya kamata ya ba ka kusan rabin awa yana iya fara kauri tun ba ka kai rabin sanda ba, don haka ka yi shi da sassafe bayan asuba, ko ka raba aikin gida biyu. A hunturu kuma sanyi na sa shi kauri tun a kwalba. Ka sa kwalaben a aljihu ko cikin ruwa mai ɗumi na ɗan lokaci kafin awo. Babbar matsalar hunturu ƙura ce. Ka share ɗakin tun jiya, ka yayyafa ruwa a ƙasa, ka rufe taga, ka kashe fanka. Da damina kuwa kada ka yi da dare a ƙarƙashin fitila, ƙananan ƙwari za su zo su manne, da safe ka tarar da su a ciki da fukafukansu.

Ka ɗebo da ƙaramin burushi, ka riƙe shi a kan naɗin kana juya sandar, gam ɗin ya bi da kansa. Ka fara da manyan zobba tun yana da ruwa-ruwa. Gefen kowace ƙafa akwai 'yan ramuka biyu, inda zare ya tashi daga jikin sanda ya hau ƙarfe. Ka sa bakin tsinke ka tura gam ciki har su cika, in ba haka ba nan ruwa zai riƙa kwana ya kawo tsatsa. Ka zarce bakin zaren da kamar milimita 1 a kan jikin sanda don ya rufe. Shafar farko ta zama siririya, har kana ganin layin zaren. Kumfar da ta taso, ka hura mata iska a hankali ta bututun shan lemo, za ta fashe. Ka dai kula kada yawu ya ɗigo.

Daga nan sai juyi. Ifoksi yana gangarowa ƙasa ya taru, don haka dole sandar ta yi ta juyawa har ya kama. Masu hali suna amfani da ƙaramar mota, wato injin lantarki, mai juyi a hankali. Wadda ke juya faranti a cikin tsohon makirowef, mai zagaye 5 ko 6 a minti, tana yin aikin sarai in mai gyaran lantarki ya haɗa maka ita. Amma in wuta ta ɗauke kana barci, da safe za ka tarar da kowane naɗi ya yi tumbi a gefe guda. Hannu ya fi aminci: ka bar sandar a kan kwali, ka riƙa juya ta rabin zagaye duk bayan minti biyu ko uku a rabin awar farko, sa'an nan duk minti goma, daga baya duk minti ashirin, har awa uku ko huɗu. In ka ga ɗigo ya taru a ƙasa tun da wuri, ka ɗauke shi da gefen burushi, alama ce ka zuba da yawa. Kada ka taɓa naɗin don ka ji ko ya bushe. Ragowar da ke kan takardar alminiyam ita ake taɓawa.

Washegari ka duba. Duk wani ɗan gashin zare da ya miƙe, yanzu ya yi tauri, sai ka share shi da reza a kwance. Ka yi sabon haɗi ka yi shafa ta biyu, ita ce za ta ba da santsi da sheƙi, ka sake zaman juyi. In bayan kwana biyu ka ji rufin yana danƙo, awo ne bai yi daidai ba ko gauraya haɗin bai isa ba. Ba sai ka kankare ba: ka auna sabon haɗi da kyau ka shafa siriri a kai, yawanci yana kamawa ya rufe na ƙasan. Gam da ya shiga cikin tangaran ɗin zobe kuwa ka goge shi da sifirit tun yana ɗanye, in ya bushe sai da bakin tsinke da haƙuri. Ka bar sandar kwana uku a ɗaki, a inuwa, kafin ka zura mata igiya.